Ranar da Na Dafa wa 'Yata Gilashi

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin ganin ɗakin 'yata ba, ko da na so in manta, don mutanen Ajingi ba za su bar ni ba. Yau shekara huɗu ke nan, amma in abin ya faɗo mini sai in ji gumi yana bin bayana, in miƙe in zaga tsakar gida ban san abin da nake nema ba.

Sana'ata alewa. A hannun mahaifina na koya, na fi shekara talatin a kan tukunyar sukari, ranar kasuwa kuma in kai teburina bakin tasha, inda motocin Kano suke lodi. Duk wanda ya san ni da haƙuri ya san ni, kuma ba yabon kai ba ne, sana'ar ce ta hore ni. Sukari in ya hau wuta ba ya son a dame shi. Ka zuba ruwa, ka matsa lemon tsami, ka koma gefe ka zuba ido. In ka ƙosa ka sa muciya kana juyawa, sai ya yi maka fushi ya koma gari-gari kamar yashi, ka yi asarar tukunya guda. (Ina kuma da ɗan sirrina da na ƙara a kan na mahaifina, ruwan kanumfari cokali biyu. Yanzu kam ba sirri ba ne, za ku ji dalili.)

Da na kusa hamsin sai na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bayan la'asar muke haɗuwa a wani ajin firamare, mu goma sha wani abu, manya da gemu a kan bencin yara, gwiwa tana neman haɓa. Malaminmu Malam Sabi'u, yaro ne da na haife shi, da safe kimiyya yake koyarwa a sakandare, da yamma ya zo ya yi fama da mu. Wata rana na kai wa 'yan ajin alewa, irin wadda ba a ja ba, mai garau ɗin nan. Malam ya ɗauki ɓalli ɗaya ya saita shi da taga, hasken yamma ya ratsa ta ciki.

Ya ce, "Baba, ka san abin da kake dafawa kuwa?"

Na ce, "Alewa mana, Malam."

Ya ce, "Gilashi kake dafawa."

Aji ya kwashe da dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce ƙwayar sukari, in ka dube ta da kyau, tana da kusurwa, saboda ƙananan abubuwan da suka haɗa ta a jere suke, kowa a gurbinsa, kamar sahun sallar Juma'a. In aka narka shi sahu ya watse, kowa ya kama yawo. In aka dame shi da muciya sai su sake ɗaura sahu, shi ne yake komawa gari-gari. In kuwa aka juye shi ya huce da sauri, kowa a inda yake zai daskare, kamar a ce da 'yan kasuwar Gaya kowa ya tsaya cak. Ga tauri, amma babu jeri. Ya ce gilashin taga ma haka yake, sai dai shi yashi ake narkawa.

Jama'a, ranar kaina ya yi girman tulu. Shekara talatin ana ce mini mai alewa, ashe ni mai masana'anta ne! Na sunkuya a kan littafina na ce sai na rubuta wannan magana da hannuna: "Alewa gilashi ce." Kalma uku ce kacal, amma a lokacin ni da harafin g ba ma ga maciji, na rubuta na goge, na rubuta na goge. Kafin in ɗago kai Malam ya gama bayani har ya fara goge allo. Daga baya 'yan ajin suka gaya mini ya daɗe yana cewa gilashin sukari mashayin ruwa ne, laimar iska kaɗai ta isa ta sake shi, zafi kaɗan kuma ya tausasa shi. Ni duk ban ji ba. (Abin haushin shi ne, wannan rabin da ban ji ba na fi Malam saninsa. Wace damina ce ban ɗaure alewata a leda biyu ba? Amma sabon ilimi kamar sabon takalmi ne, in ka sa shi ba ka duban ƙasa.)

Bayan wata biyu, tsakiyar damina, aka sa bikin 'yata ta fari. Sunan mahaifiyata ne da ita, don haka Uwani nake ce mata. Mijin ɗan Gafasa ne, ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma, yaro mai hankali, ita ta kawo shi kuma kowa ya yi na'am. Matsala ɗaya ce a gidansu, yayar mahaifinsa, Gwaggo Asabe.

Wanda bai san Gwaggo Asabe ba, bari in gaya masa. Duk amaryar da aka kawo zuriyarsu ita ke jagorantar mata ranar ganin ɗaki. Tana ɗaga katifa, tana buɗe kula, tana ƙwanƙwasa tangaran da zobenta ta ji ko da tsaga. In ta sami aibi ɗaya sai ta raɗa wa amarya suna, kuma sunan da Gwaggo ta raɗa ba ya goguwa. Akwai wata baiwar Allah da aka kai gidan da ƙafar gadonta ɗaya ta gaza, aka tokare da bulo. Yanzu tana da jikoki, amma har gobe Mai Bulo ake ce mata, jikokin ma haka suke ji ana faɗa. Uwani ba mai yawan magana ba ce, amma sau ɗaya na ji tana ce wa uwarta Talatu, "Inna, ni dai Allah ya raba ni da sunan Gwaggo." Wannan magana ta zauna mini a ƙirji. Na yi alkawari a raina, ɗakin 'yata ba za a samu abin faɗa a cikinsa ba.

Abin da ya fi komai kyau a kayan ɗakinta shi ne sho-gilas, kabad ɗin nan da ake jera tangaran da kofuna, mai ƙofa biyu ta gilashi ruwan shayi. Wani kafinta a Gaya ya haɗa shi. Ranar Alhamis da hantsi akori-kura ta kawo shi ƙofar gidana, naɗe da bargo, aka shigar da shi zaure. Juma'a mata za su kwashi kaya su je jere, Asabar ɗaurin aure da kai amarya, Lahadi ganin ɗaki. Da masu mota suka tafi na yaye bargon don in ƙara kallo, sai na ji tsararar! a ƙasa. Gilashin ƙofar dama ya tarwatse. Wani rami a hanya ya yi aikinsa.

Na mayar da bargon na rufe, na fita waje, na dawo, na sake buɗewa ko ya gyaru. Bai gyaru ba. Na kira kafinta.

Ya ce, "Kash, Baba, sannu. Ruwan shayin nan sai Kano, kuma mai yanka mini shi ya yi tafiya sai Litinin. Amma akwai fari a nan Gaya, gobe da sassafe in zo in sa maka."

Na ce, "Ƙofa ɗaya fari, ɗaya ruwan shayi? So kake a ce da 'yata Mai Ido Ɗaya da Kwalli?"

Ya ce, "To a cire duka biyun a sa fari mana."

Shawara ce ta mai hankali. Da na bi ta da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma Talatu ta riga ta gaya wa duk danginta cewa ruwan shayi ne, irin na birni, ni kuma a daidai lokacin idona ya sauka a kan littafin makarantata da ke kan taga. Wani abu ya ce mini, kai da kake da masana'anta, me za ka jira a Kano?

Na ce da kafinta ya bar shi kawai, na samu dabara.

Bayan azahar na kulle kaina a ɗakin alewa. Na riga na ciro ƙofar kabad ɗin daga zaure, na auna ramin gilashin da kara, kamu ɗaya da ɗan wani abu a tsaye, taƙi biyu a kwance. Na shimfiɗa faifan ƙarfen da nake juye alewa, na shafe shi da man gyaɗa, na kewaye da 'yan katakai daidai awon. Na ɗora tukunya. To a nan ne haƙurin shekara talatin ya gudu ya bar ni. Mata suna ta shige da fice a tsakar gida, kowane motsi sai in ji kamar zaure aka nufa za a yaye bargo. Na leƙa, na dawo, na leƙa. Sukari ya ƙi saurin nuna. Ban san lokacin da na ɗauki muciya na hau juyawa ba. Nan take ya yi fari fat, ya dunƙule gari-gari. Mutanen Malam Sabi'u sun koma sahu.

Na yi salati, na wanke tukunya, na sake ɗorawa. Wannan karon na zauna a kan hannuwana, a zahiri ba a baki ba, don kada su sake yi mini shisshigi. Na matsa lemon tsami, na zuba ruwan kanumfari. (Na gaya wa kaina wai don launi na zuba. Ƙarya ce, hannu ne ya saba.) Da na ɗiga kaɗan a ruwan sanyi na ji ya ce ƙas, na sauke na juye a hankali.

Kafin magariba ya huce. Na ɗaga shi da hannu biyu, na leƙa ta ciki na hango bishiyar darbejiyar maƙwabcina sarai. Ruwan shayi sak, sai dai in ce ya fi na kafinta kyau. Na datse gefe da wuƙa mai zafi, na zura shi a ƙofa, na mayar da 'yan katakan da ke riƙe shi, na ɗaura. Ɗan ɓallin da ya ragu na ajiye a faranti a kan kantar ɗakin alewa. Na tsaya ina kallon ƙofofin nan biyu kamar tagwaye, har ina tausaya wa turawa da suke wahalar narka yashi.

Da safe mata suka zo kwasar kaya, yayata Yaya Kande ce a gaba, ita za ta zauna da amarya har a gama biki. Na ja ta gefe.

Na ce, "Yaya, gilashin nan sabon yayi ne. Kada a goge shi da ruwa, busasshen ƙyalle kawai."

Ta ce, "Kai dai da iyayi. Tun da ka shiga boko ba a hutawa."

Juma'ar an yi rana, komai ya tafi daidai. Yaya ta dawo tana cewa mutanen Gafasa har leƙe suke ta taga. Asabar aka ɗaura aure, ana shafa fatiha hadari ya haɗo. Ruwa ya sauka, ya ɗauke, ya dawo, ya zama marka, irin wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya tafiya. Mutane suna ta ce mini auren da albarka. Ni kuwa ina amsawa da amin, amma duk ɗigon da ya faɗo a kan kwanon rufi sai in ji shi a cikina. Na ci abinci a tsaye. Na canja wurin zama ya fi sau goma, har wani abokina ya ce, "Kai kam sai ka ce kai za a kai ɗakin miji."

Lahadi da safe, bayan na dawo daga masallaci, na shiga ɗakin alewa na duba ɓallin nan na kan faranti. Ya yi dishi-dishi kamar idon tsoho. Na taɓa, ya biyo yatsana. Kiyashi kuwa sun yi layi daga bakin ƙofa har kan kanta, masu tafiya da masu dawowa, kamar ranar kasuwa.

 In wannan ɗan guntu ya zama haka a ɗakin da babu kowa, ina ga wanda ke ɗakin amarya?

Dabara ɗaya ta zo mini, in je in cire ƙofar kafin mata su taru, in ce kafinta zai gyara wani abu. To amma wa zan aika ba tare da na tona kaina ba? Ni kuma uban amarya, wa ya taɓa ganin uba a gidan 'yarsa kwana ɗaya da kai ta, balle 'yar fari? Abin kunya ne da ko mahaukaci ba ya yi. Sai na ce to ba uba ne zai je ba, kafinta ne. Na sa tsohuwar rigar da nake aikin gona da ita, na jawo hular sanyi har gira, na lalubo wani takunkumi da ya rage tun zamanin korona na rufe hanci da baki. Na soka sukundireba a aljihu.

Talatu ta gan ni zan fita ta ce, "Malam, lafiya? Mura kake?"

Na ce, "Mura." Ban tsaya ba.

Ɗan acaɓa ya ɗauke ni, amma hanya ta jiƙe, sau biyu muna sauka muna turawa a taɓo. Duk inda ya rage gudu sai in ce ya ƙara, duk inda ya ƙara sai tayar ta zame. Tafiyar da na so in yi da sanyin safiya, sai da hantsi ya ɗaga muka shiga Gafasa. Rana ta fito bayan ruwa, irin zafin nan mai gumi da ke sa riga ta manne. A ƙofar gidan kuwa takalman mata sun fi ƙarfin ƙirga.

Na yi sallama da wata murya da ni ma ban san ina da ita ba, na ce kafinta ne daga Gaya, an ce ƙofar sho-gilas tana gogar katako. Wata mata ta leƙa ciki ta ce, "Ku gyara mayafi, ga kafinta." Aka buɗe mini hanya.

Ɗakin cike yake maƙil, numfashi a kan numfashi. Uwani tana tsakiyar gado a lulluɓe, Yaya Kande a gefenta. An ajiye kaskon turaren wuta, garwashi jajir, a ina? A gindin sho-gilas, ɓangaren dama. A gaban ƙofar daman kuma an sa wa wata dattijuwa kujera, ta jingina bayanta da gilashina hankali kwance, tana riƙe da murfin kula tana dubawa. Ba sai an gaya mini ko wace ce ba.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai kafinta, yau ake gyara? Ina kake tun shekaranjiya? Aikin maza ke nan, sai an taru su tuna."

Na durƙusa na gaishe ta, na rarrafa gefen kabad ɗin. Daga nan na ga abin da sauran ba su lura da shi ba saboda jikin Gwaggo ya tare. Gilashin ya yi ciki ya lotsa, ƙasansa yana zubar da hawaye ruwan zuma a kan katako, kiyashin Gafasa kuma sun riga ni zuwa. Na sa sukundireba a ƙusar sama. Ƙusa ɗaya ta fita. Ta biyu tana bayan kafaɗar Gwaggo.

Na ce, "Gwaggo, da za ki ɗan matsa kaɗan."

Ta ce, "To, mai gida ya yi magana." Ta yunƙura za ta tashi, ta koma. Ta sake yunƙurawa. "Wa ya riƙe mini mayafi? Ke Ladi, bar wasan nan, ni ba kakarki ba ce."

Ladi ta ce, "Wallahi Gwaggo ban taɓa ki ba."

Sai ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙarfi. Jama'a, tsakiyar gilashin nan ya biyo ta. Bai fashe ba, bai yi ƙara ba, miƙewa ya yi kamar ƙaro, zare-zare tun daga ƙofar kabad har bayanta, yana walƙiya a hasken taga. Ta yi taku biyu, yana bin ta.

 Wata ta ce, "Innalillahi, gilashin narkewa yake!" Wata ta ce sammu ne, a fitar da amarya.  Gwaggo kuwa ta kai hannu baya ta dangwalo, ta duba yatsanta, ta shinshina. Sannan ta lasa.

Ta ce, "Kafinta."

Na ce, "Na'am, Gwaggo."

"Wannan wane irin gilashi ne?"

Mai hankali a nan gudu zai yi. Ni kuwa sai bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Gwaggo, ai a ilimance shi ma gilashi ne. Kin ga, abubuwan da ke cikinsa ba su ɗaura sahu ba, kowa a inda yake ya daskare, kamar 'yan kasuwar Gaya. Shi na taga yashi ne, wannan kuma..." Ina cikin bayani na manta da muryar aro, tawa ta gado ta fito.

Daga cikin lulluɓi na ji wata siririyar murya ta ce, "Baba?"

Gwaggo ta sake lasar yatsa ta ce, "Kanumfari. Shekara ashirin ina aike tashar Ajingi ranar kasuwa, mutum ɗaya ne a ƙasar nan yake sa kanumfari a alewa. Sauke ƙyallen nan mu ga fuskar malamin kimiyya."

Na sauke takunkumi. Da ƙasa tana da ƙofa da na ƙwanƙwasa.

Wata daga dangin ango ta ce, "Laa! Uban amarya ne!" Suka juya ga Yaya Kande. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta kawar da kai ta ce, "Ni dai ban san shi ba. Ku da kuka shigo da shi ku kuka san inda kuka samo shi."

Dariyar da aka yi a ɗakin nan, har matan da ke tsakar gida suka turo kai ta taga. Wata tana cewa a miƙo mata ƙofar hagu ta kai wa yara tsaraba, wata tana tambaya ko gadon ma na tuwon madara ne a duba. Amma ni ba dariyar nake ji ba. Kafaɗun Uwani nake kallo suna rawa a ƙarƙashin lulluɓi, kuma na san ba dariya take ba. Dariyar ta fara lafawa, kowa ya zuba wa Gwaggo ido. Duk mun san abin da ake jira, sunan da za ta raɗa.

Ina durƙushe na ce, "Gwaggo, don girman Allah. Yarinyar nan ba ta san komai ba, uwarta ba ta sani ba, Yaya ma ba ta sani ba. Ni kaɗai na yi."

Ta ce, "Ina na gaskiyar?"

"Ya fashe a mota, a hanyar Gaya."

"Shi ke nan? Gilashi ya fashe a mota, sai ka ce wuyan mutum ne ya karye? Me ya hana ka faɗa?"

Na rasa ƙaryar da zan ƙara, sai na faɗi gaskiya. Na ce, "Bakinki na ji tsoro, Gwaggo. Kada ki sa mata suna."

 Ba na jin an taɓa gaya mata haka ido da ido. Ta daɗe tana kallona, ta kalli gado, ta cire mayafin da ya ɓaci ta miƙa wa Ladi.

Ta ce, "Shekara arba'in ina ganin ɗaki. Na ga uban da ya ari gado, na ga wanda ya cika ƙasan akwati da tsumma ya ɗora atamfa a sama. Ban taɓa ganin wanda ya hura wuta ya dafa wa 'yarsa gilashi ba, ya kuma biyo shi cikin taɓo da takunkumi." Ta juya ga gado. "Ke yarinya, share hawayenki. Ba ki da suna a wurina sai wanda aka yanka miki rago. Sunan yau na ubanki ne." Ta nuna ni da yatsan nan mai danƙo. "Baba Mai Dafa Gilashi, kwance ƙofarka ka tafi da ita, kafin kiyashinka su cinye mana amarya."

Aka rangaɗa guɗa. Na kwance ƙusa ta biyu a gaban mata sun fi talatin, na rungumi ƙofa tana ɗiga a rigata, na ratsa tsakar gida. Ɗan acaɓan da ke jirana ya ce sai dai in riƙe ta nesa da kujerarsa. Haka muka fita daga Gafasa, hannuna a miƙe gefe guda, ƙudan zuma biyu suna yi mana rakiya. Kafin in isa Ajingi labarin ya riga ni, ta waya. Talatu tana tsaye a zaure ta ce, "Sannu da mura."

Ranar Talata kafinta ya je ya sa ruwan shayi na gaske. Uwani kuwa har yau Uwani ce a Gafasa, Gwaggo ma ta ja ta a jiki, in za ta je ganin ɗakin wata da ita take tafiya. Ranar da ta fara zuwa gida bayan biki ta gaishe ni kanta a ƙasa, sannan ta ce, "Baba, da ka bar shi a fashe ai hanya za a zaga." Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Wannan karon dariya ce.

Ni ne dai na tafi da sunan. Direbobin tasha ba sa cewa a ba su alewa, sai "Mai Dafa Gilashi, yanko mana taga ɗaya." Ranar nan wani da gilashin gaban motarsa ya tsage ya tsaya da gaske yana tambayar ko ina yin na mota. Ina amsawa, don suna ne da na saya wa 'yata da kaina, kuma bai yi tsada ba.

Abin da na koya kaɗan ne. In abu ya fashe, ka ce ya fashe, mutane sun saba da fasasshen abu. In kuwa ka rantse sai ka rufa asiri da ƙarya, to kada ka yi ta da abin da tsohuwa za ta iya lasa.